Garin da Ba a Cin Goro

A zangonmu na Sokode babu jahili ko ɗaya a kan sanin duniya. Kowa ka taɓa masani ne. Mahaucin da tun da aka haife shi bai taɓa wuce Kparatao ba, inda yake zuwa sayen doya, zai zaunar da kai ya lissafa maka ƙofofin Kano ɗaya bayan ɗaya, har ya gaya maka wadda ta fi cunkoson jakuna. Kakanninmu fatake ne, sun biyo hanyar goro suka yada zango a ƙasar Kotokoli, suka ce gobe za su wuce. Goben ce har yau ba ta yi ba. Gadon da suka bar mana shi ne tabbacin cewa duk inda ƙafa take zuwa tamu ta riga ta je, inda ba mu je ba kuwa ba wuri ba ne.

Duk wanda ya yi doguwar tafiya ya dawo, ba ya shiga harkar kasuwa sai ya ba da labarin hanya. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a zauren sarkin zango, dattawa su zauna, matafiyi ya bi musu hanyarsa zango-zango: kwana nawa daga nan zuwa can, wane kogi ya ƙetare, da kwalekwale ko da ƙafa. A kowane gari kuma akwai tambayoyi uku da ba sa canzawa. Wa ya sauke ka? Wane ne sarkin zangon Hausawa? Nawa ake sayar da goro? In amsarka ta yi daidai da abin da na gabanka suka kawo, an san bakinka ɗaya ne. In ta saɓa, sai dai Allah ya ba ka haƙuri. Da wannan muke auna hanya, da shi kuma muke auna mutum.

Mahaifinmu dillalin shanu ne, kuma mai masauki. Fulani da fataken da ke koro shanu daga Gando da Dapaong a gidanmu suke sauka, shi yake tsaya musu a kasuwa. Dillali ba shi da jari sai bakinsa. In ya ce saniyar nan lafiyarta ƙalau, mai saye ba ya ƙara dubawa. In ya ce ga iyakar abin da aka taya, Bafulatani ba ya zuwa ya tambayi kowa. Ranar da aka kama shi da magana biyu, ranar ya tashi daga sana'ar. Da mahaifinmu ya rasu, dattawa suka ba ƙaninsa, wato Baffa, riƙon wurin, da sharaɗin in babban ɗa ya dawo a miƙa masa. Baffa ya amsa da hawaye, ya ce Allah ya dawo da yaron lafiya. Ina jin bai taɓa yin addu'ar da yake tsoron a amsa kamar wannan ba.

Babban ɗan shi ne yayana. Ina ƙarami ya raka garke zuwa bakin teku, shanu suka isa, shi bai dawo ba. Shekara goma sha ɗaya ba a ji ɗuriyarsa ba. A tsakanin nan Faransawa, waɗanda suka karɓi ƙasar daga hannun Jamus, suka matsa wa sarkin zango ya kawo yara makarantarsu, lakwal. Kowane gida ya duba ya zaɓi ɗan da rashinsa ba zai hana komai ba. Gidanmu ya duba ya zaɓe ni. Na yi karatu na fito, aka tura ni Dapaong ina koyar da 'ya'yan ƙabilar Moba a wata rumfar ciyawa. In na zo hutu da gajeren wandona, dattawa sukan amsa gaisuwata suna kallon gwiwoyina. Ba wanda ya taɓa tambayata labarin hanya, don a wurinsu tafiyar da Nasara ya tura ka aike ne kawai.

A irin wannan hutun ne Yaya ya diro daga bayan kamiyo, motar kayan da ke zuwa daga kudu, yana ɗingishi, da akwatin kwano ɗaya. Inna, mahaifiyarmu, ta yi kuka ta yi dariya ta sake kuka. Zango ya ɗauka Makka ya je, har wasu sun fara ce masa Alhaji yana kaucewa. Da aka buɗe akwatin babu zamzam babu carbi, sai tsofaffin riguna masu warin hayaƙi.

Rana ta uku aka zauna a zaure, ni ma na samu gefen tabarma. Yaya ya fara lafiya lau. Atakpame, Lome, amsoshi daidai. Ya ce a Lome ya kama aikin jirgin ruwa, yana zuba kwal a wuta can cikin gindin jirgi. Dakar akwai namu, aka gyaɗa kai. Marsai garin su kwamandan ne, Baturen da ke mulkinmu, saboda haka aka yafe masa tambayar goro. Sai ya ce daga nan jirgi ya nufi gabas, ya bi wani tsukukken ruwa, ya wuce ta gaban Jidda.

"Ka sauka ke nan," in ji Baffa.

"Ban sauka ba, Baffa. Mai zuba kwal ba shi yake tsayar da jirgi ba. Ko ganinta ban yi ba, gaya mini aka yi."

Zaure ya ɗauki salati. Ba a gama jimamin wannan ba ya ce jirgi ya yi ta tafiya har Japan.

Japan kam mun san shi. Yadin akokon da ya cika kasuwa a shekarun nan, mai arha, wanda wanki biyu yake mayar da shi matacin koko, daga can aka ce yake zuwa. A ganin zango Japan wata babbar masaƙa ce ta wani Bature mai rowar zare. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa akwai mutane a ciki masu uwa da uba.

Yaya ya ce a wata tashar jiragen ruwa ta can wani ƙarfe ya faɗo ya karya masa ƙafa. Jirgi ba ya jiran karaya, ya yi gaba. Mai dafa wa ma'aikatan jirgin abinci ɗan ƙasar ne, kuma a nan aikinsa ya ƙare, sai ya ɗauke shi a jirgin ƙasa yini guda, sannan a amalanke, har garinsu, ya danƙa shi ga mahaifiyarsa. Yaya ya faɗi sunan garin, wani dogon suna mai gaɓa-gaɓa. A nan ya yi shekara guda cur.

Gari ne ƙarami, in ji shi, bai kai rabin Sokode ba, a cikin kwari tsakanin duwatsu biyu masu itatuwa har ƙoli. Rana ba ta leƙowa sai hantsi, kafin la'asar kuma ta ɓuya. Titi ɗaya ne, ya bi gefen kogi, gidajen katako jere hagu da dama. Ruwan kogin ko da zafi ake yi in ka sa ƙafa sai haƙoranka sun amsa. Fili ya yi musu kaɗan, sai suka sassare jikin dutse hawa-hawa, suka kewaye kowane hawa da ɗan ginin ƙasa, suka jawo ruwa daga sama yana gangarowa daga gonar wannan zuwa ta wancan. Shinkafa suke dasawa, yau a taru a yi wa gida ɗaya, gobe a koma na gaba, kamar gayya. Tsofaffin matan garin duk bayansu ya tanƙware saboda dashe. Faɗan garin kaf a kan ruwa ne, wa ya buɗe, wa ya toshe.

Har nan dattawa suna tare da shi, don faɗa a kan ruwa ko'ina akwai shi. Sai ya shiga abin da ya kayar da shi. Ya ce ƙofofin ɗakuna da takarda ake yin su, a ja su gefe. Ya ce da sanyi wata farar ƙanƙara mai laushi take zubowa ba ƙara, har ta binne gida zuwa taga, mutane su haƙa hanya daga ƙofa zuwa ƙofa, wata uku babu noma sai saƙar takalmin ciyawa a bakin murhu. A ƙarshen gari akwai inda ruwa yake fitowa daga ƙasa da zafinsa, ba wanda ya hura wuta, kuma da shi ƙafarsa ta warke. Ƙasa takan girgiza, kwanuka su faɗo, tsohuwa ta jira ta lafa ta ci gaba da ɗinkinta. A saman ɗakin kwana kuma suke kiwon tsutsar siliki a kan faya-fayi, ana yanko mata ganye, in tana ci sai ka ce yayyafi a kan jinka. Tsutsar ba ta ba kowa mamaki ba, mu ma mun san mai yin zaren tsamiya. Abin da ya gagari zaure shi ne a ce mutum da hankalinsa ya ba tsutsa bene shi ya kwana a ƙasa.

"Gidan takarda," in ji Baffa a hankali, da muryar mai gaida mara lafiya. "Da damina fa, ɗana? Ninke shi suke yi su sa a aljihu?"

Aka yi dariya. Yaya bai yi ba, ya wuce zuwa tarihin garin. Ya ce tsohuwar da ɗanta sun gaya masa, da baki da hannu, cewa garin a da zango ne. Hanyar gishiri ce ta bi ta nan, daga bakin teku zuwa cikin tudu, a bayan dawakai da shanu da mutane. Manyan gidajen bakin titin duk masaukai ne, kowanne da fatakensa. Har yanzu akwai duwatsun da aka kakkafa a gefen hanya don tunawa da dawakan da suka mutu da kaya a bayansu. Sai gwamnatinsu ta ja hanyar jirgin ƙasa, ta bi da ita ta wani kwarin daban. Gishiri ya koma jirgi. Masaukai suka rufe ɗaya bayan ɗaya, samari da 'yan mata suka tafi masaƙu a birane, aka bar tsofaffi da tsutsa.

Kowa a wurin ya san rabon da ayarin jakuna ya sauka a zangonmu tun da kamiyo ya fara hawa titin kwamandan. Na ga sarkin zango ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da an tashi a nan, ina jin da Yaya ya ci. Amma tambayoyi uku suna jira.

"To madalla, zango ne," in ji Baffa. "Wa ya sauke ka?"

"Tsohuwar da na faɗa. Ita ta yi jinyata. Kwana uku da zuwana ta gane lokutan sallata, sai in tarar ta ajiye mini ruwan ɗumi a bakin ƙofa."

"Bahaushiya ce?"

"A'a, Baffa."

"To wane ne sarkin zangon Hausawa?"

"Babu Hausawa. Ni ne baƙar fata na farko da suka gani. Yara sukan shafa hannuna su duba tafinsu."

"Goro fa, nawa ƙwarya?"

"Ba su san goro ba."

Aka yi masa ca. Wani ya ce to da me suke neman aure, wani ya ce da me ake raɗa suna, da me ake ba da haƙuri in an yi faɗa. Yaya ya ce shayi suke sha, kore, babu sukari, abin da ya ƙara dagula lamarin. Wani mahauci ɗan Kotokoli da ke zaune cikinmu ya girgiza kai ya ce, "Ni dai tsohuwan nan ya ba ni tausayi. Mutum ya tsufa haka bai taɓa cin goro ba!"

Baffa ya jira hayaniya ta lafa. "Jama'a, ni ban ce ɗana ya yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Amma ku duba. Gari mai hanyar gishiri, mai masaukin fatake, a ce tun da aka kafa shi Bahaushe bai taɓa jin ƙanshinsa ba? Ina aka taɓa yin ciniki a duniya babu mu? Ruwan zafi daga ƙasa, Allah mai iko ne. Gidan takarda, babu abin da talauci ba ya sawa. Amma kasuwa babu goro?" Ya buɗe hannuwa. Wallahi hujjar ta shige kowa, ni kaina da na yi lakwal sai da na ji nauyinta.

Sarkin zango mai adalci ne gwargwadon hali, ba ya son ya hana maraya wurin ubansa a kan goro kawai. Ya waiwayo ya dube ni, karo na farko a rayuwata sama da gwiwa.

"An ce Nasara suna da takardar da duniya duk take ciki. Ka iya karanta ta?"

Na ce na iya.

"To gobe ka kawo ta. In garin yana ciki, wurin mahaifinku nasa ne. In babu, shi ke nan."

Da safe ina shirin fita Inna ta tare ni a bakin madafa. "Ɗan'uwanka ne," ta ce. "In ka ga garin ka faɗa. In ba ka gani ba ka ƙara dubawa." Na ce mata ilimi bai san ɗan'uwa ba. Haka na ce, da bakin nan nawa, ina da shekara ashirin da biyu da takardar shaida ɗaya.

Na aro taswirar duniya ta bango daga lakwal ɗin Sokode, na saɓo ta a naɗe, na bi ta tsakiyar kasuwa ko da yake akwai gajeriyar hanya. A zaure aka matsa mini, aka shimfiɗa mini buzu. Wani dattijo da bai taɓa amsa mini sallama da cikakken baki ba ya ce, "Bismilla, Malam." Na warware ta a ƙasa, aka danne kusurwoyinta da takalma.

Na yi musu darasin da ba wanda ya roƙe ni. Ga teku, ga ƙasar Faransa, duk inda kuka ga ruwan hoda nata ne. Ga Makka: dattawa suka matso, wasu suka taɓa wurin suka shafa a fuska. Ga Kano: aka yi hamdala, nan take taswira ta zama mai gaskiya. Sannan na miƙa can gefe, inda takarda ta kusa ƙarewa, ga Japan, 'yan tsibirai a jere, tsawonsu duka bai kai ɗan yatsana ba, da sunayen birane huɗu ko biyar a kai. Yaya ya durƙusa kusa da ni ya sake faɗin sunan garin, sau biyu, a hankali. Na duba. Ba ya ciki.

Ba zai kasance a ciki ba, kuma na san haka. Takardar da ta ɗauki duniya duka a faɗin tabarma ba ta da wurin ƙauye. Don in kai ga Japan sai da na dafa ƙasarmu da hannun hagu, kuma kafin in dafa na ga abin da ke wurin: wani siririn zane mai suna ɗaya tak, Lome, a bakin ruwa. Babu Sokode. Babu Mango babu Dapaong, balle Kparatao. Zauren da muke ciki, da dattawan, da goronsu, a wurin wannan takarda ba a halicce su ba. Abin da ya kamata in yi bai wuce in ɗaga hannuna in ce ku duba nan ba.

"Malam," in ji Baffa. Ni yake ce wa Malam. "Akwai ko babu?"

In na ɗaga hannun taswira ta faɗi, in ta faɗi kuwa na koma ɗan gajeren wando. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, zan faɗe shi tunda na tsufa. Haushinsa nake ji. Ya tafi ya ga duniya, ni aka kama aka kai lakwal, ga shi ya dawo da ƙafa ɗaya da rabi amma Inna tsoka biyu take sa masa a miya.

"Babu," na ce. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, don kada a ce na yi ƙarya.

Ba a kore shi ba, zango ba ya korar ɗansa. An dai tabbatar wa Baffa wurin, shi kuma ya sake yin hawaye. Yaya ya koma ɗaukar wa mahauta fatu zuwa majema. In ya ce ruwa zai sauko, sai wani ya ce mai zafi ko mai sanyi. In ya ce an kira salla, sai a leƙa a tabbatar. Bai taɓa yi mini maganar ba. Da hutuna ya ƙare shi ya ɗaukar mini akwati zuwa tasha, yana ɗingishi, ya ce in gaida mutanen arewa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Bayan shekara guda da wani abu, ina cikin koya wa yara sunayen kogunan ƙasar Faransa, waɗanda da ni da su babu mai wanka a ciki har abada, sai na hango Yaya tsaye a inuwar ɗorawa da akwatinsa. Inna ce ta ce ya bar garin kafin su mayar da shi mahaukaci. Ya biyo masu shanu da ke komawa gida, ta Mango, ya ƙetare kogin Oti, ya kwana Bombouaka.

Dapaong a lokacin kasuwa ce da gidajen Moba suka kewaye, da 'yan rumfunanmu a gefe waɗanda muke kira zango don kada mu ji kunya. Amma shanu a nan suke haɗuwa, kuma dillalai sun yi kaɗan. Dattawan wurin ba su kai goma ba, sai dai al'adar nan sun taho da ita cikin kayansu. Suka sa masa rana, ya ce in raka shi. A hanya na ce masa, "Yaya, wannan karon zan yi magana." Na shirya jawabi tsaf. Ya ce, "Sai an tambaye ka."

Aka zauna, aka ce ina ya yi shekarun nan. Yaya ya gyara zama ya ce Salaga da Kumasi. Ya bi hanya zango-zango bai yi tuntuɓe ba. Ya faɗi wanda ya sauke shi a kowane gari, da sarkin zango, da farashin ƙwaryar goro fari da ja, rani da damina. Duk a bakin mahauta da fatake ya tsince su a shekarar da ya yi yana ɗaukar fatu. Ƙafar kuwa, wai sa ne ya taka shi a Kumasi. Dattawa suna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

"An ce a Sokode wani labarin daban ka bayar," in ji babbansu.

"Da zazzaɓi na dawo, ranka ya daɗe, Allah kaɗai ya san abin da na faɗa. Ga ƙanena nan, malamin lakwal ne, ku tambaye shi."

Duk suka juyo. Ga tambayar da aka ce in jira ta zo, kuma in na faɗi gaskiya yau na sake raba shi da abincinsa.

"Haka ne," na ce.

Aka shafa fatiha, aka raba goro.

Shekara talatin ya yi yana dillanci a Dapaong, kuma har yau in tsofaffin Fulani suna misalin mai gaskiya shi suke ambata. Ba a taɓa kama shi da magana biyu ba ko a kan ɗan maraƙi. Ni kuwa maganar taswirar nan ba ta bar raina ba. Wata ranar kasuwa da hantsi, bayan shekaru, na same shi yana duba wata karsana, mai ita ya je shan ruwa. Na tsaya a bayansa, don ba zan iya a gabansa ba.

"Yaya, ranar nan a zaure. Ita ma Sokode ba ta cikin taswirar. Na gani, na rufe da hannu."

Bai waiwayo ba. Ya buɗe bakin karsanar yana duba haƙora.

"Na sani," ya ce. "Shekara tara a jirgi, kana tsammani ban iya duba taswira ba? Na ga inda ka dafa."

Na ce to me ya hana shi faɗa, ai da ya ture hannuna shi ke nan.

"Ranar ce ta farko da suka ce maka Malam. In na ture hannunka, 'ya'yan Inna biyu ke nan aka yi wa dariya a zaure ɗaya. Ɗaya ya isa."

Kuka nake son yi, ga Fulani suna kallo. Sai na ce masa a Lome akwai manyan littattafan taswira masu ƙauyuka a ciki. Sunan ya ɓace mini tun ranar, amma in ya sake faɗa mini zan nemo garin, in ɗauki littafin da kaina har Sokode in buɗe shi a gaban duk wanda ya rage.

Ya saki bakin karsanar, ya goge hannu a rigarsa, ya dube ni babu fushi a fuskarsa.

"Wane gari?" ya ce.

Sai ya ɗaga murya ya kira mai karsanar ya zo a yi ciniki.